Ladan Fuska

Ƙannena da 'ya'yana na unguwar Briqueterie a Yawunde, maganata yau da masu kyamara ce. Ina nufin waɗanda suka riƙi hoto sana'a, da masu raka Turawa 'yan jarida suna yi musu tafinta, da ma sauranku da ba ku taɓa kiran kanku masu hoto ba alhali wayar da ke aljihunku ta fi kyamarar zamanin iyayenku kaifin ido. Tambaya ɗaya ce ke kai-komo a majalisunku, wajen mai shayi da bakin tukubar masu tsire: in ka tsaya a kan mutumin da ke kwana a barandar shago, ko yaron da ya shimfiɗa kwali a Avenue Kennedy, kana son hotonsa don mujalla, ko rahoton ƙungiyar agaji, ko shafinka na TikTok, za ka ba shi kuɗi ko kuwa? Wasunku sun ce biya yana ɓata gaskiyar hoto. Wasu sun ce rashin biya sata ce da tsakar rana. Ni ra'ayina a biya. Sai dai kafin hannunka ya shiga aljihu ka san abin da kuɗin naka zai saya, domin a nan ne mutanen kirki da yawa suka zame.

Waɗannan mutane ba baƙinmu ba ne. A garin nan ana ce musu nanga boko, kuma da yawansu namu ne. Yaro ya baro Marwa ko Garwa ko Kusiri a mota, ya hau jirgin dare daga Ngaundare, gari ya waye masa a tashar Yawunde ba shi da kowa. Wani ya tsaya nan tasha, wani ya gangara Poste Centrale, wani kuma ya bi kiran salla da harshen da kunnensa ya sani har ya iso unguwarmu. Da rana dako a kasuwar Mokolo, wankin kwanuka wajen masu abinci, gadin mota, tsintar ƙarafa. Da dare duk inda mai gadi ya kau da kai. Akwai kuma manya: tsohon da ciwo ya cinye jarinsa, matar da miji ya sake ta ba ta da kuɗin motar komawa gida, mai taɓin hankalin da dangi suka gaji da shi. Lamarin ya girmi yawancinku. Tun 1977 Yves Lescanne ya kafa Foyer de l'Espérance a garin nan saboda irin waɗannan yara, kuma a 2007 wata masaniya Bafaranshiya, Marie Morelle, ta fitar da littafi sukutum a kan yaran titin Yawunde da na Antananarivo. An daɗe ana kallonsu, ana rubuta su. Abin da ya sauya shi ne yawan kyamarorin da ke kansu yanzu, da kuɗin da ke bin hoto a intanet.

Mu da muka tashi da hoton situdiyo tsari ɗaya muka sani: wanda za a ɗauka shi ke biya. Ranar Sallah mutum ya karɓo ɗinkinsa daga tela, ya kafa hula, ya turo agogo daga hannun riga don a gani, ya zaɓi labulen da zai tsaya a gabansa. In hoton bai yi masa ba ya ce a sake. Haka Seydou Keïta ya yi aiki a Bamako tun daga 1948, haka Jacques Toussele a Mbouda, haka Samuel Fosso, haifaffen Kumba, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bangui a 1975 yana ɗan shekara 13. Ku dubi hotunan Keïta da kyau, ba za ku ga wulaƙantacce ko ɗaya ba, ko da kuwa agogon da rediyon da babur ɗin na aro ne daga situdiyo. Kuɗin daga aljihun mai fuskar ya fito, don haka umarni a bakinsa yake. Ranar da kuɗin ya fito daga aljihun mai kyamara kuwa, umarni ya koma bakinsa shi, ko ya so ko bai so ba. Duk nasihata a kan wannan juyin take.

Jacob Riis, ɗan jarida haifaffen Denmak, shi ya fitar da littafin talakawan New York mai hotuna a 1890, kuma har gobe ana lissafa shi cikin magabatan wannan sana'a. A ciki ya ba da labarin wani mai gararamba da ya tarar zaune a kan tsani yana zuƙar lofe. Ya yi masa tayin senti 10 ya zauna a ɗauke shi. Mutumin ya amsa, ya zuba ido har Riis ya gama kafa kayan aikinsa, sannan ya zare lofen daga baki ya cusa a aljihu, ya ce lofe ba ya cikin ciniki, in ana son sa a hoto senti 25 ne. Riis ya biya, amma ya rubuta labarin cikin ba'a, a matsayin shaidar lalaci da rashin kunya. Ni kuwa mutumin nan burge ni yake yi. Ya gane abin da Riis bai so ya faɗa ba, wato ba don Allah aka zo ba, haja aka zo saye, kuma lofen ne ke ƙara mata daraja. Tunda ciniki ne, sai ya sa wa kayansa farashi. Cikin su biyun shi ya fi faɗin gaskiya.

Shekara 13 kafin nan, a 1877, an gurfanar da Thomas Barnardo, mai gidajen marayu a Landan, gaban kwamitin sulhu. Cikin zarge-zargen har da cewa katunan da yake sayarwa don tara gudummawa, masu nuna yaro cikin tsumma sannan ga shi fes bayan an karɓe shi, shirya su ake yi, har akan ƙara yayyaga rigar yaro don tausayi ya ƙaru. An wanke shi daga manyan tuhume-tuhumen, amma an soki wannan dabarar hoto. Barnardo ba mugu ba ne, dubban yara ya ciyar. Na kawo shi ne saboda ku masu yi wa ƙungiyoyin agaji aiki, da ake cewa ku kawo hoton da zai taɓa zuciyar masu ba da kuɗi.

Saboda irin wannan ne 'yan jarida suka gindaya wa kansu doka. Ƙungiyar masu ɗaukar hoton jarida ta Amurka, NPPA, ta sa cikin ƙa'idojinta cewa kada a biya wanda ake ɗauka, kada a saka masa da wani abin duniya don ya shiga aikin. Kada ku raina wannan ƙa'ida, akwai hankali a cikinta. In labari ya bazu daga Poste Centrale zuwa tasha cewa wani mai kyamara na ba da sefa 1,000 ga duk wanda ya shaƙi sholisho a gabansa, kafin la'asar za ka samu yara goma riƙe da tsumma, har da wanda bai taɓa shaƙa ba. Ka je neman gaskiya ka komo da wasan kwaikwayo, ka kuma koya wa yaro abin da zai kashe shi. A labarin da ke faruwa nan take, gobara a kasuwa, ambaliya, rusau, ni ma ban ga wurin biya ba. Ka tarar da abu yana faruwa a bainar jama'a, ka shaida shi, ba ka ɗauke kowa daga aikinsa ba.

Amma ƙa'idar tana da makauniyar kusurwa. A watan Maris na 1936 Dorothea Lange, tana yi wa gwamnatin Amurka aiki, ta tsaya a wani sansanin 'yan ƙwadagon gona a Nipomo, jihar Kalifoniya, ta ɗauki wata mata 'yar shekara 32 zaune a bakin tanti, 'ya'yanta biyu sun ɓoye fuska a kafaɗunta. Ko sunanta ba ta tambaya ba. Hoton ya zama tambarin talaucin shekarun 1930. Gwamnati ta aika abinci sansanin, amma kafin ya iso matar da iyalinta sun yi gaba. Sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano ta a Modesto, sunanta Florence Owens Thompson. Ta koka cewa ko sisi ba ta samu ba, kuma an yi mata alkawarin kwafi ba a aiko ba. A 1983, tana kwance da ciwon daji, sai da 'ya'yanta suka roƙi jama'a kuɗin jinya. A 1998 aka sayar da kwafi ɗaya na hoton a gwanjon Sotheby's kan dala 244,500.

Ku ƙirga masu ci daga hoto guda: mai kyamara, direbansa, tafintansa, editan da ke zaune a ofis mai sanyi, mai buga mujalla, mai zauren baje koli, kamfanin intanet da ke liƙa talla a gefe. Kowa da rasit ɗinsa. Sai mutum ɗaya, wanda ba don fuskarsa ba da babu aikin gaba ɗaya, shi aka ce in ya karɓi wani abu gaskiya ta gurɓata. Dokar da ta sa mafi talauci a sahu shi kaɗai zai yi aikin sa kai, ban yarda da ita ba in aikin na makonni ne ko watanni, mutum ya buɗe maka rayuwarsa kana shiga kana fita.

Kada ku yi saurin tafa mini. Boris Mikhailov, haifaffen Kharkiv ta Yukren a 1938, ya ga yadda rushewar Tarayyar Sobiyet ta zubar da mutane a titi, waɗanda jiya-jiya suke da aiki da ɗaki. A 1997 da 1998 ya ɗauki ɗaruruwan hotunansu, ya fitar da su a littafi mai suna Case History a 1999. Bai ɓoye komai ba, ya ce ya biya su, ya kuma gaya musu yadda za su tsaya. Da yawa sun tuɓe a cikin dusar ƙanƙara, sun nuna gyambo da tabo da tsiraici. A 2000 ya karɓi lambar yabo ta Hasselblad, a 2011 aka baje hotunan a gidan MoMA na New York. Hujjarsa ita ce bala'o'in da suka auka wa ƙasarsa a baya sun wuce babu hoto, kada wannan ma ya wuce haka. Hujja ce mai nauyi, kuma na yaba masa da bai yi ƙarya ba. Amma matar da ta ɗaga rigarta cikin sanyin nan, da cikinta a ƙoshe yake, da ɗaki na jiranta, za ta ɗaga? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da zarar mutum ya karɓa, ya ji an ɗaure shi, duk abin da ka ce sai ya yi, kuma kai da kanka za ka ji kana da ikon faɗa. Samarin Amurka da suka riƙa ba marasa matsuguni giya da 'yan canji a 2002 don su doki juna a gaban kyamara, suka sayar da bidiyon da sunan Bumfights, su ma cewa suka yi ai da yardarsu aka yi.

Malamanmu na fiƙihu sun riga mu tunani a kan wannan, ko da yake ba su san kyamara ba. A babin ijara sharaɗi ne aikin ya zama sananne, ladan ya zama sananne, ɓangarorin biyu su yarda. Cinikin da ɗaya ya san abin da ake sayarwa ɗayan yana cikin duhu, garari ne, an hana shi. Sun kuma yi dogon bayani a kan cinikin wanda matsi ya tilasta wa sayarwa. To, dubi naka cinikin. Kai ka san hoton zai je Janeba cikin rahoto, za a manna shi a bangon taron tara kuɗi, zai zauna a intanet har jikokinsa su gani. Shi kuwa abin da ya sani, ka danna wani abu ka miƙo masa sefa 500. A zatonsa minti ɗaya ya sayar, alhali shekaru ka saya.

Don haka abin da aka fara yi da abin da ya biyo baya ya fi yawan kuɗin muhimmanci. Sallama tukuna, kyamara na cikin jaka. In dattijo ne ka durƙusa ka gaishe shi yadda za ka gaida baffanka: "Baba, ina wuni, yaya ƙarfin jiki?" In ka ga yunwa a fuskarsa a ci abinci kafin a yi maganar komai, kuma ya ji daga bakinka cewa abincin nan ba ya rataye da abin da za ka roƙa. Mai jin yunwa ba shi da "a'a". Sannan ka faɗi ko kai wane ne, ɗan gidan wa, wa ya aiko ka, ina hoton zai je, da harshen da yake ji, Hausa ko Fulatanci ko Faransancin titi. Buɗe wayarka ka nuna masa irin shafin da zai hau. Ka gaya masa ƙarara cewa 'yan garinsu za su iya gani. In ya ce a'a, ka yi godiya, ka ba shi ɗan na goron da da ma ka yi niyya, ka tafi ba tare da ɓata fuska ba. In ka lura kuɗinka komawa aljihu yake yi duk sadda aka ce maka a'a, to ka san yarda kake saye, kuma yardar da aka saya ba yarda ba ce. Wanda ya bugu, ko tramol ya ɗauke shi, ko hankalinsa ya taɓu, babu yardar da za ka karɓa a wurinsa a wannan hali, ko da ya ɗaga maka kai sau goma.

In ya amince, sai a zo maganar lada, kuma ladan lokacinsa ne da wahalarsa. Ya bar dako a Mokolo ya yini yana zagayawa da kai, yana nuna maka inda suke kwana, yana shigar da kai wurin da ba ka isa ka shiga kai kaɗai ba, yana amsa tambayoyin da ko ɗan'uwansa bai taɓa yi masa ba. Wannan aiki ne, a yanke masa lada a fili kafin a fara, a biya shi da an gama, ba "gobe in na dawo" ba. Abin da kuɗi ba ya shiga shi ne "cire rigar", "kwanta a nan bakin kwata", "sake shaƙa, ban ɗauka ba". Duk abin da ba ka tarar yana yi ba, kada kuɗinka ya sa shi yi. Kuma ladan iri ɗaya ne, ko ya yi kuka ko ya yi dariya. Ranar da ka fi biyan mai gyambo a kan mai lafiya, ka sa wa gyambo farashi, kuma titi yana da kunne.

Nawa? A 2023 gwamnati ta sa mafi ƙarancin albashi a kamfanonin da ba na noma ba sefa 60,000 a wata. In ka raba da ranakun aiki, yini ɗaya ya haura sefa 2,000. Daga nan za ka fara lissafi ka yi sama gwargwadon abin da kai kake samu. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: in mujalla ta biya ka yuro ɗaruruwa, kowane yuro yana sefa 655 da ɗoriya, ba sai an gaya maka cewa canjin taksi cin fuska ba ne. Amma yawan ma yana da haɗarinsa. Kuɗin da ya yi wa mutum girma yana rufe masa baki, kuma takardar sefa 10,000 da ka miƙa a gaban jama'a tana iya jawo masa duka da dare daga manyan wurin. Biya a keɓe, da ƙananan takardu.

Akwai masu cewa kada a ba da tsabar kuɗi, a saya masa burodi, don kada ya sayi ƙwaya. In baligi ne mai hankalinsa, ka tambaye shi wanne ya fi so. Ba ka taɓa tambayar telanka abin da zai yi da kuɗin ɗinki ba. Wataƙila takalmi yake so, ko magani, ko ya ajiye wajen mai shago yana tara kuɗin jirgi zuwa Ngaundare. Ya fi ka sanin buƙatarsa.

Yara kuwa hukuncinsu daban ne. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai ce maka to a kan biskit, kuma wannan to ɗin ba ta da nauyin komai. Ka bi ta hannun waɗanda ke kula da su, ma'aikatan Foyer ko jami'an ma'aikatar jin daɗin jama'a, ka tambayi yaron shi ma, sannan ka bar fuskarsa a waje. Hannaye, ƙafafu, kwalin da yake kwana a kai, bayansa yana tafiya da kaya a ka, duk suna ba da labari. Mai hoton da bai iya nuna talauci sai da idon yaro cike da ƙwalla, da sauransa a sana'a.

Fuska ba ƙaramin abu ba ce a ƙasar nan. Kundin dokar laifuka na Kamaru, a sashe na 245 da na 247, ya sa bara da gararamba cikin abubuwan da ake hukuntawa. Hoton da kai kake kira fasaha, a hannun wani shaida ce, mai nuna fuska da wurin kwana. Waɗanda suka yi wayo a 2015 sun tuna yadda aka riƙa kallon duk yaron da ya fito daga arewa bayan hare-haren Marwa na watan Yuli. Sannan ga gida. Yaro ya aika wa uwarsa cewa yana aiki a Yawunde, ran nan maƙwabciya ta shigo mata da waya, ga shi kwance a kan kwali, an rubuta tausayi da Turanci a ƙasa. Babu adadin sefar da zai biya wannan.

Bari in juyo kan masu bidiyon sadaka, don na san ku ne kuka fi yawa. Ka sayi shinkafa a leda, abokinka na riƙe da waya, ka miƙa wa tsohuwa, ka jira ta yi maka addu'a, ka sa kiɗa mai sa kuka, ka ɗora. Suratul Baƙara ta yi gargaɗi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa, ta kuma nuna cewa ɓoye ta ya fi alheri. Na san amsarku, cewa don a zaburar da wasu ne, kuma bayyana sadaka ba haramun ba ne. Haka ne. Amma zaburarwa ba ta buƙatar fuskar tsohuwa. In kuwa shafin yana kawo maka mabiya, da talla, da gudummawar da ake turowa lambarka, to fatauci kake yi, tsohuwar nan kuma ma'aikaciyarka ce da ka biya da ledar shinkafa. Ka zaɓi ɗaya. In sadaka ce kashe wayar. In sana'a ce ka faɗa mata, ka nemi yardarta, ka biya ta ladanta, kuma duk abin da aka turo da sunanta nata ne, har sisin ƙarshe.

Wasu sun gwada miƙa kyamarar ga masu labarin. A Kano, a 2011, almajirai tara suka shirya fim mai suna Duniya Juyi Juyi tare da mai bincike Hannah Hoechner, da tallafin cibiyar Goethe. Su suka tsara labarin, su suka fito, su suka riƙe kyamara. Almajiri ba marar gida ba ne, yana da malami da iyaye, amma shi ma ya sha ɗauka ba da saninsa ba. Abin lura a fim ɗin, da aka bar su suka zaɓa, sun nuna kansu suna karatu, suna neman na kansu, suna jin zafin wulaƙancin da ake yi musu a gidajen da suke aiki. Wannan hanya ba ta kashe maganar kuɗi ba, ana nan ana tambayar wa ke da fim ɗin, wa ke cin ribarsa. Amma ta mayar da umarni bakin mai fuska, kuma ko ba ka da halin shirya irin wannan, kana da halin juya kyamara ka nuna wa mutum abin da ka ɗauka, ka goge wanda ya ce bai so.

Abu mafi wuya shi ne bayan an rabu. Hoto yakan yi shekara biyar a kwance sannan ya tashi ya yi kuɗi, mai shi kuwa ba adireshi, ba waya, galibi ba katin shaida, balle layin Orange Money ko MTN MoMo da ke buƙatar katin. Kada wannan ya zama maka mafaka. Tun ranar farko ka rubuta sunansa da garinsu, ka tambaye shi wa ya yarda da shi, mai shayi ne, ko mai shagon da yake ajiya wurinsa, ko ladanin masallaci. Ku yanke kason da zai samu in an sayar, a gaban wannan mutumin. Ka ba shi hotonsa a takarda, mai kyau, wanda shi ya zaɓa. Ka bar masa hanyar da zai same ka in ya sauya ra'ayi, domin wanda ke kwance a titi bana yana iya zama mai shago da iyali nan da shekara goma. In ka neme shi har ka gaji ba ka same shi ba, kasonsa ba ya zama naka, ka kai shi inda ake kula da irinsa.

Masu kallo ma suna da haƙƙi a kanka. Rubuta a ƙasan hoton cewa an biya mutumin ladan yini biyu, shi ya zaɓi wurin, sunan da aka sa ba nasa ba ne. In editan da kake yi wa aiki yana bin ƙa'idar hana biya, kada ka biya a ɓoye ka yi shiru. Faɗa masa tun kafin ka fita, ya yarda ko ya nemi wani.

Ku kuma masu raka baƙi, nauyinku ya fi na kowa, don da fuskarku ake shiga. Baƙon zai hau jirgi a Nsimalen, kai za ka ci gaba da wucewa ta gaban mutanen nan kullum a hanyarka ta masallaci. Kafin ku fita ka zaunar da shi, ka ce masa a kasafin aikin nan sai an sa layin waɗanda za a ɗauka, kusa da layin mota da na tafinta, kuma akwai wuraren da ba za ka kai shi ba, akwai umarnin da ba za ka fassara ba. In ya ce kasafinsa ba shi da wannan layin, ka tambaye shi nawa ya biya otal a Bastos daren jiya.